Yaron da ya gagara tun yana ƙarami: wa Shari'a za ta tambaya?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Bata da hantsi, a bakin titin Murtala Muhammad, ya san irin cinkoson da ke wurin. 'Yan Adaidaita Sahu na sauke masu shiga Kasuwar Sabon Gari, 'yan dako na tura kaya zuwa Singa da Kantin Kwari, ga kuma yara a tsakanin ƙafafun manya, wasu da ruwan leda a ka, wasu hannu rabbana. Ba dukansu ne almajirai ko marayu ba. Akwai waɗanda iyayensu na nan da rai, a Fagge ko a cikin lungunan Sabon Gari, tafiyar da ba ta kai ta rabin sa'a ba. Abin da ya fito da su shi ne gida ya gaji da su, makaranta ta kore su, aka zuba musu ido. In ka bi labarin irin wannan yaro baya, da wuya ka tarar ya fara ne yana ɗan shekara goma sha biyu. Yawanci tun yana ɗan biyar ko shida aka fara cewa ya gagara.

Ba ƙiriniyar da kowane yaro ke yi ake nufi ba. Ana nufin yaron da ke cizon 'yan'uwansa har ya fitar da jini, ya jefi ɗan maƙwabci da dutse a ka, ya kunna ashana a katifa, ya yi ta birgima yana buga kansa da bango in an hana shi abu, malamin Islamiyya ya yi ƙorafi, na boko ma ya yi, kuma abin ya ɗauki watanni bai sauya ba. A gidan haya, inda iyali biyar ko shida ke tarayya a tsakar gida ɗaya da banɗaki ɗaya, rigimar yaro ba ta tsayawa a kan yaro. Matan gida su ɓata, mazan su daina gaisawa, mai gida ya fara maganar a tashi. A unguwa kamar Sabon Gari, inda maƙwabcinka kan zama ba yarenku ɗaya ba, ba addininku ɗaya ba, jifan ɗan shekara shida na iya zama abin da sai mai unguwa ya shiga tsakani.

Matakan da gidaje da yawa ke bi sanannu ne. A fara da duka, in bai yi ba a ƙara. Daga nan a sa wa yaro suna: mai taurin kai, ɗan iska, wanda aka yi wa sammu. Uwa ta ƙosa ta yi masa baki. A ƙarshe a nemi inda za a kai shi, ko ƙauye wurin kaka, ko wata makaranta mai nisa, ko gidan mari. A watan Satumbar 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutum fiye da 300, wasu da mari a ƙafa, jikinsu duk tabo, a cikinsu har da ƙananan yara. Makonni kaɗan bayan haka aka buɗe irinsa a Daura da Katsina da Zariya. An yi ta tsine wa masu gidajen, amma abin da ba a cika son faɗa ba shi ne galibin waɗanda ke ciki danginsu ne suka kai su da hannunsu, har suna biyan kuɗi. Ba ƙiyayya ce ta sa su ba. Gajiya ce da kunyar idon mutane, da kuma zaton cewa nauyin ɗa abu ne da ake iya miƙa wa wani a huta.

Wannan zaton ne Shari'a ba ta yarda da shi ba. Hadisin da Abu Dawud ya ruwaito ya nuna cewa ba a rubuta wa yaro zunubi har sai ya balaga. Ke nan ɗan shekara shida da ya fasa kan wani ba mai laifi ba ne a wurin Allah, duk yadda aikin nasa ya yi muni. To wa za a tambaya? Hadisin Abdullahi ɗan Umar, Allah Ya yarda da su, wanda ke cikin Bukhari da Muslim, ya ba da amsa: an kamanta kowane mutum da makiyayi da za a tambaya game da abin kiwonsa, aka ambaci miji a kan iyalinsa, aka ambaci mace a kan gidan mijinta da 'ya'yansa. Aya ta shida ta Suratut Tahrim ma ta haɗa tsare kai da tsare iyali a umarni guda. Ibnul Ƙayyim, a littafinsa Tuhfatul Maudud, ya tafi a kan cewa lalacewar mafi yawan 'ya'ya daga sakacin iyaye take fitowa.

Sai dai a nan akwai buƙatar a yi adalci. Cewa iyaye ne za a tambaya ba ya nufin su ne suka jawo matsalar a kowane hali. Ɗan Annabi Nuhu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya isa hujja cewa shiriya ba a hannun uba take ba. Abin da za a tambayi iyaye shi ne me suka yi bayan sun ga alamar.

Ɗalibai da suka karanta Risala ta Ibnu Abi Zaid za su tuna hukuncin yaron da ya ji wa wani rauni: gangancinsa ana ɗaukarsa a matsayin kuskure, ba a yi masa ƙisasi, diyya kuma tana kan danginsa na wajen uba in ta kai sulusi ko fiye, in ba ta kai ba a fitar daga dukiyarsa. Haka ma in ya lalata kayan wani, malamai sun ce ana biya daga dukiyar yaron, waliyyinsa ne ke fitarwa. Dubi yadda hukuncin ya raba abu biyu da mu muke cakuɗawa. Ya kare jikin yaro daga ramuwa, bai kuma bar haƙƙin wanda aka cuta ya tafi a banza ba. Mu kuwa sau da yawa akasin haka muke yi: a zane yaron a gaban maƙwabci don a huce masa haushi, kuɗin ɗinkin kan ɗansa kuma a yi shiru. Uban da ya san nauyinsa zai je da kansa, ya ba da haƙuri, ya biya kuɗin magani, ya kuma hana a taru a kan ɗansa da bulala.

Abu na farko da ke kan iyaye shi ne neman dalili, domin hali irin wannan sau da yawa alama ce ta wani abu. Yaron da ba ya ji sosai, saboda ciwon kunne ko sanƙarau da ya taɓa yi, ana kiransa mai kunnen ƙashi alhali kunnen ne da gaske ba ya ji. Akwai nau'in farfaɗiya da ba ta kayar da yaro, sai dai ya yi sororo na 'yan daƙiƙu. Zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, da shawara mai tsanani a makon haihuwa, duk suna iya barin tabo a hali da fahimta. Gubar dalma, wadda ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010, sananniya ce wajen jawo saurin fushi da rashin natsuwa ga waɗanda suka rayu. Akwai kuma lalurar rashin natsuwa da likitoci ke kira ADHD, da lalurar otizim da ke shafar magana da cuɗanya. Wani yaron kuma lafiyarsa ƙalau, abin da yake gani ne yake maimaitawa: dukan da ake yi wa uwarsa, ko wani babba da ke lalata da shi a ɓoye ya tsoratar da shi kada ya faɗa. Bulala ba ta gano ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Ruƙiyya da ayoyin Alƙur'ani da addu'o'in da suka inganta halal ce, kuma Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallama, ya kasance yana nema wa Hasan da Husaini tsari. Amma shi ne kuma ya yi umarni da neman magani. Babu karo tsakanin tofi da asuba da zuwa asibiti da hantsi. Daga Bata, Asibitin Yara na Hasiya Bayero da Asibitin Murtala ba su da nisa. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano na da sashen yara da na lafiyar ƙwaƙwalwa, ga kuma asibitin Dawanau. Wasu iyaye na gudun a ce sun kai ɗansu wurin likitan mahaukata. Wannan kunya ce mai tsada, domin yaron ne ke biyanta.

Batun duka kuwa, masu kafa hujja da hadisin salla su sake karanta shi da kyau. An ce a umarci yaro da salla yana ɗan bakwai, ba a ambaci duka ba sai a goma. Shekara uku cur na koyarwa da haƙuri, a kan mafi girman farilla bayan shahada. Ina hujjar wanda ke ɗaure ɗan shekara biyar da igiya don ya fasa kofi? Muhammad ɗan Sahnun, malamin Malikiyya na Ƙairawan, ya iyakance wa malamin makaranta bulala uku a littafinsa Adabul Mu'allimin, sai da izinin uba zai ƙara, kuma ya hana duka cikin fushi. An hana dukan fuska. Ibnu Khaldun ya lura a Muƙaddima cewa tsanantawa na koya wa yaro ƙarya da munafunci, domin yana koyon ɓoye abin da ke ransa don tsoron hannu. Nana A'isha ta shaida cewa Annabi bai taɓa dukan mace ko hadimi da hannunsa ba, Anas kuma ya yi masa hidima shekara goma tun yana yaro bai taɓa jin tsawa ba. Haka nan hadisin Jabir da ke cikin Muslim ya hana yi wa 'ya'ya mummunar addu'a, don kada a dace da lokacin karɓa. Iyaye mata da ke saurin cewa "Allah Ya tsine maka" su riƙe wannan.

Sai maganar da ta fi shafar mazan kasuwa. Mai shago a Kwari ko Sabon Gari kan fita bayan asuba, ya dawo bayan isha, ya tarar da ƙarar yaro na jiransa, ya yi duka, ya kwanta. A ganinsa ya sauke nauyi tunda ya bar kuɗin cefane. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a Nurul Albab, ya soki malaman zamaninsa da ke karantar da ɗalibai a waje suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. In malami bai tsira daga wannan zargi ba don yana koyarwa, ɗan kasuwa ba zai tsira ba don yana nema. Mace ɗaya ba za ta iya da yaro irin wannan ba, ga goyo, ga girki, ga surutun matan gida. In kuma aure ya mutu, a mazhabar Malikiyya uwa ce ke da haƙƙin riƙon ɗa namiji har ya balaga, amma ciyarwa da magani da karatu suna nan a wuyan uba. Ƙwace yaro don a ƙuntata wa uwarsa, ko sakar mata shi ba ko sisi, duka biyun zalunci ne, kuma yaro mai wannan lalura shi ya fi kowa jin jiki in ana yawo da shi daga gida zuwa gida.

Abin da likitoci suka fi ba da shawara ga ƙananan yara masu wannan hali shi ne a koya wa iyayen yadda za su tafiyar da su, kafin a yi maganar ƙwaya ko allura. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suna da shiri na musamman a kan haka. Abubuwan da ake koyarwa ba baƙi ba ne ga Musulmi. A ware wa yaro lokaci kullum, ko minti goma ne, da uba ko uwa za su zauna da shi ba faɗa ba umarni. A yabe shi nan take in ya yi daidai, a faɗi abin da ya yi. Dokokin gida su zama kaɗan, uwa da uba su zama baki ɗaya a kansu. In ya karya, a hana shi wani abu da yake so na ɗan lokaci, ba tare da zagi ba, kuma a cika abin da aka faɗa. A lura da abin da ke tayar da shi, yunwa ce, rashin barci ne, ko tsokanar wani yaro. A kawar da wuƙa da ashana da fetur daga inda hannunsa zai kai, kada kuma a bar shi shi kaɗai da jariri.

Sauyi ba ya zuwa a mako guda, wani lokaci ma halin kan ƙara tsananta a farko kafin ya lafa. Shi ya sa ya kamata uba ya je makaranta da ƙafarsa, ya zauna da malamin aji da na Islamiyya, ya gaya musu abin da likita ya ce, su yarda a kan hanya ɗaya. Ya kuma gaya wa maƙwabtan da ke tsakar gida ɗaya da shi, domin wanda aka yi wa bayani ya fi saurin haƙuri a kan wanda aka bari yana zato. In yaron zai bi shi shago ranar Asabar, ya zauna kusa da shi yana miƙo leda yana ƙirga canji, ya fi a bar shi ya gangaro Bata shi kaɗai.