Akurki na hannu: Abin da masu kiwon kaji a Wurno, Rabah da Goronyo za su yi kafin su zuba tsaki

A garuruwan Wurno da Rabah da Goronyo da wuya a shiga gida ba a ga kaji suna tono a tsakar gida ba. Galibi mata ne ke riƙe da su, kuma su ne asusun gaggawa. Idan yaro ya kwanta ko kuɗin cefane ya yanke, sai a kama zakara a aika da shi kasuwar Achida ko ta Goronyo.

A 'yan shekarun nan matasa ma sun shigo harkar, suna kiwon kajin gidan gona 50 ko 100 a bayan gida domin cinikin Sallah. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, katako da ragar waya da kwanon rufi duk sun yi tsada, shi ya sa mai son farawa yakan nemi akurki ko keji na hannu.

Samunsa ba wuya. Wasu sun daina kiwo saboda tsadar abincin kaji. Wasu sun bar ƙauyukansu saboda hare-haren 'yan bindiga da suka addabi gabashin Sakkwato, sun sayar da abin da ba za su iya ɗauka ba. Akwai kuma waɗanda kajinsu suka mutu kaf, suka fitar da akurkin kasuwa. Irin wannan akurki shi ne yake cinye jarin mai saye.

Abin da ido ba ya gani

Akurkin da aka share yana iya yin fes a ido alhali cuta tana nan cikin busasshen kashi da ƙura da tsagar katako.

Cutar Gumboro, wadda ta fi kama tsaki masu mako 3 zuwa 6, ta fi kowace taurin kai. Binciken masana ya nuna ƙwayarta tana iya kai kwana 120 a ɗakin da aka kwashe kaji, kuma har lokacin tana da ƙarfin kama sababbi.

Cutar Niyukasul ita ce annobar da ke share kajin gida lokacin hunturu. Kaza takan yi gyangyaɗi, ta yi koren kashi, wuyanta ya murɗe. Ƙwayarta tana yin makonni a cikin kashi idan wurin yana da inuwa da danshi, amma rana mai zafi tana kashe ta.

Akwai kuma cutar kashin jini, wadda ƙwayayenta ke da ɓawo mai ƙarfi har yawancin magungunan feshi ba sa ratsa su. Zafi da bushewa ne suka fi yi musu illa.

Sai kaskar kaji da ƙananan ƙwari masu shan jini. Da rana suna ɓuya a tsaga, da dare su fito su hau kaji. Kaskar kaji tana iya wuce shekara ba ta sha jini ba kuma ba ta mutu ba. Don haka daɗewar akurki babu kaji ba ta nuna cewa ya tsarkaka.

Murar tsuntsaye ma tana cikin lissafi. An fara tabbatar da nau'in H5N1 a Najeriya a watan Fabrairun 2006 a wata gona da ke Jaji a Jihar Kaduna, wanda shi ne karo na farko a Afirka, kuma ta sake ɓarkewa a Kano da Legas a farkon 2015. Tsuntsayen ruwa masu ƙaura suna ɗaukar ta, agwagi kuma kan yaɗa ta ba tare da sun nuna alamar ciwo ba. Wannan ya shafi mazauna fadamar Kogin Rima da kewayen madatsar ruwa ta Goronyo kai tsaye, inda agwagin gida ke haɗuwa da tsuntsayen daji a ruwa ɗaya.

Tambaya kafin ciniki

Aikin yana farawa tun kafin a biya kuɗi. A tambayi mai shi: me ya sa ake sayarwa, yaushe aka fitar da kajin ƙarshe, kuma sayar da su aka yi ko mutuwa suka yi? Ba laifi a ji ta bakin maƙwabta. Idan kaji sun mutu da yawa cikin kwana biyu ko uku, a haƙura da akurkin komai arahar sa.

A duba da me aka yi shi. Kejin ƙarfe da raga ya fi sauƙin wankewa. Katako yana shan danshi yana ɓoye ƙwari, don haka duk allon da ya ruɓe sai a cire shi a ƙona. Na kara da na kaba ba sa wankuwa, kuma sabonsu ba shi da tsadar da za ta sa a yi kasada da tsoho.

Idan an sayo, a ajiye shi nesa da kajin gida, a wurin da rana ke dukansa.

Wanki kafin magani

Kuskuren da aka fi yi shi ne a watsa Izal ko bilic a kan datti a ce an gama. Kashin kaji yana kashe ƙarfin maganin kafin ya kai ga ƙwayar cuta. Ga yadda likitocin dabbobi ke tsara aikin.

Na farko, shara. A ɗaure hanci da baki, a sa safar hannu, a ɗan yayyafa ruwa don kada ƙura ta tashi. A kankare kashi da gashi da tsohuwar shimfiɗa, a ƙona su ko a binne su a rami mai zurfi. Kada a kai su gonar albasa ko lambun bayan gida inda kaji ke kiwo.

Na biyu, wanki da ruwa da omo da buroshi, daga sama zuwa ƙasa, har lungu da ƙarƙashin sandar kwana. Wannan mataki shi ne ke raba akurki da mafi yawan ƙwayoyin cuta. A ɗauraye, a bar shi ya bushe.

Na uku, magani. Bilic irin su Hypo ko Jik ana haɗa kofi 1 da ruwa kofi 9, a jiƙa ko'ina, a bar shi aƙalla minti 10 kafin a ɗauraye, domin bilic yana sa ƙarfe tsatsa. Mai hali zai iya neman Virkon S a shagon magungunan dabbobi, ana sa giram 10 a lita 1 ta ruwa. Kada a haɗa bilic da wani magani, domin haɗin yana iya fitar da iska mai illa ga huhu. A haɗa wanda za a yi amfani da shi a ranar kawai, kuma a nisanta yara.

Na huɗu, ƙwari. Maganin ƙwayar cuta ba ya kashe kaska. A zuba tafasasshen ruwa a tsaga da mahaɗar katako, ko a nemi maganin feshin da likitan dabbobi ya amince da shi, a maimaita bayan mako guda saboda ƙwan da zai ƙyanƙyashe. Maganin ƙwarin gona ba na akurki ba ne.

Wanda ya tarar da akurkin laka a gidan da ya koma, dabarar iyaye tana aiki: a zuba karmami a ciki a babbake, nesa da danni da rumbu, sannan a sake yaɓe duk tsagar da ke jikinsa. Mazubin abinci da na ruwa su ma a wanke su haka, na roba da ya tsage a jefar.

Mako biyu babu kaza

Mataki na ƙarshe ba ya cin ko sisi, amma shi aka fi tsallakewa. A bar akurkin a buɗe a rana na aƙalla mako biyu, ana juya shi. A watannin Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato yakan haura digiri 40, wanda babban taimako ne. Da damina sai a ƙara kwanaki har katakon ya bushe sarai.

Mai son kama kasuwar Sallah sai ya lissafa waɗannan makonni tun kafin ya biya kuɗin tsaki. Tsakin da aka kawo akurki bai shirya ba, dole a zuba su a haka.

Tsafta ba ta ɗauke wa mai kiwo rigakafi. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana yin rigakafin Gumboro da na Niyukasul, har da nau'in I-2 mai jure zafi da ake ɗiga wa kaza a ido, wanda ya dace da ƙauyukan da ba su da wutar lantarki. Ana maimaita shi duk wata 3 zuwa 4. Kazar da aka sayo a kasuwa kuma a ware ta mako biyu kafin ta shiga cikin sauran.

Idan duk da haka kaji suka fara mutuwa da yawa lokaci guda, kada a yanka su a kai kasuwa, kada kuma a jefar da mushen a juji ko a kogi. A sanar da jami'in lafiyar dabbobi na ƙaramar hukuma, ko a kai rahoto asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato. Shi kuma akurkin, kada a sayar wa wani sai an bi da shi ta waɗannan matakai.