Shaihun Malamin Da Ya Auna Ƙarfin Magani Da Tattabaru

A da, masana ilmin magunguna sun ɗauka cewa kowane magani da ke taɓa ƙwaƙwalwa halinsa guda ne: wannan na sa barci, wancan na wartsakarwa. Mutumin da ya nuna cewa al'amarin ya wuce haka shi ne Farfesa Peter Dews, wanda aka haifa a Ingila cikin 1922. Ya yi karatun likita a Jami'ar Leeds, kana ya ƙaura Amurka, inda ya kama aiki a Makarantar Likitanci ta Jami'ar Harvard cikin 1953.

A Harvard ne ya ci karo da aikin B. F. Skinner, masanin halayyar ɗan Adam da dabbobi, wanda ya ƙera wani akwati da ake sa tattabara a ciki, ta riƙa caccakar wani ɗan faifai da baki domin ta sami hatsi, na'ura kuwa tana ƙidaya. Dews ya ga cewa da wannan dabara ana iya auna aikin magani da alkalumma.

Sai ya tsara wa tattabarun ƙa'ida iri biyu. A ta farko, hatsi na fitowa bayan caccaka 50. A ta biyu, sai minti 15 sun cika. Daga nan ya ba su pentobarbital, wani maganin barci. Sakamakon da ya buga cikin 1955 ya ba masana mamaki, domin awon maganin da ya rage himmar tattabara a ƙa'ida ta biyu, shi ne ya ƙara mata sauri a ta farko. Cikin 1958 kuma ya gwada methamphetamine, mai sa kuzari, ya tarar yana gaggauta aikin da ake yi a hankali, yana kuma rage saurin wanda ake yi da hanzari.

Ma'anar wannan ita ce, tasirin magani ya danganta da abin da mai shansa ke yi a lokacin da ya sha. Wannan darasi ya taimaka ƙwarai wajen binciken illar magunguna da sinadarai masu guba. Masana suka gane cewa bai kamata a jira sai hanta ko ƙoda ta lalace kafin a ce abu yana cutarwa ba, tun da sau da yawa canjin ɗabi'a ne ke fara bayyana.

Dews ya kuma yi nazari a kan kafin, sinadarin nan mai hana barci da ke cikin kofi da shayi da goro, har ya shirya littafi a kansa cikin 1984.

Ya mutu cikin 2012. Har yau ana amfani da irin waɗannan gwaje-gwaje a ɗakunan bincike, domin a san yadda sabon magani zai shafi ɗabi'a kafin ya isa hannun marasa lafiya.