Faten doya da kayan yaji: Tukunyar da ke raba ma'aikaci da sanyin Jalingo

Wanda ya san Jalingo a watan Maris ko Afrilu, lokacin da rana ke dukan kwanon rufi tun hantsi, zai yi mamaki idan aka ce masa akwai ranar da ake neman bargo a garin. Amma akwai ta. Daga tsakiyar Disamba zuwa ƙarshen Janairu, hazo kan lulluɓe duwatsun da ke kewaye da garin har su ɓace wa ido, iska mai ƙura ta busar da leɓe da maƙogwaro, masu tafiya sallar Asuba kuma su fito a duƙunƙune cikin rigunan sanyi. Ba sanyin Gembu ba ne, can saman tsaunin Mambilla inda ake noman shayi. Sai dai jikin da ya saba da zafin kwarin Binuwai ba ya bukatar sanyi mai yawa kafin ya fara kuka.

A irin wannan lokaci ne ma'aikacin da aka turo aiki daga Abuja, ya bar iyali a can ko a garinsu, yake gane cewa abincin dare matsala ce mai zaman kanta. Ya tashi daga ofis da la'asar sakaliya, ya koma ɗakin haya, babu mai ɗora masa tukunya. Zaɓinsa bai wuce teburin mai shayi ko gidan abinci ba, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kowane faranti ya ƙara kuɗi. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci a ƙasar nan ta haura kashi 40 cikin ɗari. Mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka sa wa hannu a watan Yulin shekarar ya rage zafi, amma wanda ke ciyar da gida biyu da albashi ɗaya ya san inda lissafin ke tsayawa.

Na yi hunturu biyu a wannan hali, kuma abin da ya fitar da ni tukunya ɗaya ce.

Saiwar da ba mu da ita

Asalin maganar daga wani abokin aiki ne da ya yi kwas a Ingila. Ya dawo yana ta yabon wani romo mai kauri da ake sha a can idan ƙanƙara ta sauka, wanda ake yi da wata saiwa da suke kira fasnif. 'Yar'uwar karas ce, siffarsu ɗaya, sai dai ita fara ce, tana da zaƙi da ɗan ƙamshi irin nata. Turawa sun daɗe suna cin ta, tun zamanin Rumawa, kuma ita ce ke cika musu ciki kafin dankalin Turawa ya iso musu daga Kudancin Amurka a ƙarni na 16. Sukan dafa ta da albasa da garin kori, su markaɗa, su zuba madara.

Ba a saba ganin wannan saiwa a kasuwanninmu ba, kuma akwai dalili. Fasnif shukar sanyi ce. Zaƙinta ma ba ya fitowa sosai sai sanyi mai tsanani ya doke ta a cikin ƙasa, ya juya wani ɓangare na sitacinta ya koma sukari. Namu saiwoyin akasin haka suke: doya da dankalin Hausa idan suka daɗe a wuri mai sanyi sosai lalacewa suke yi, cikinsu ya canja launi, ɗanɗano ya gurɓace. Shi ya sa jefa ɗanyar doya sukutum a firji ɓarna ce, ba tattali ba.

Da na yi wa goggona bayanin wannan romo ta waya, dariya ta yi. A ganinta Bature bai zo da sabon abu ba, fate ne ya cika wa ruwa. Kuma ta fi ni gaskiya. A wurinmu miya abokiyar tuwo ce, ba a shan ta ita kaɗai. Farfesu kuwa ruwa-ruwa ne, nama ko kifi ne sarkinsa. Abin da ke tsakanin biyun, wanda ake sha da cokali ya ƙosar, shi ne fate, kuma faten doya da na dankali ba baƙi ba ne a kowane gida. Abin da kawai na aro daga waje shi ne a sassauta kaurinsa, a kuma ba kayan yaji girman da aka saba ba su a farfesu.

Doyar Zing, cittar Kaciya

Idan batun doya ne, mazaunin Jalingo ba ya neman alfarmar kowa. Najeriya ce ke noma kusan kashi biyu bisa uku na doyar duniya, kuma Taraba na cikin jihohin da ke kan gaba. Mumuyen Zing da Yorro, a gabas da Jalingo, sun yi suna wajen tada kunyar doya tun kaka da kakanni. A kudu kuma ga kasuwannin Wukari da Ɗan Anaca, inda manyan motoci ke lodi zuwa sassan ƙasar nan. Duk da haka farashin doya a Jalingo ba ya rabuwa da halin da hanya ke ciki. Lokacin da ambaliyar daminar 2024 ta karya gadar Namnai a kan titin Jalingo zuwa Wukari, duk abin da ke bin wannan hanya sai da ya ji a jikinsa.

Sa'ar da aka yi ita ce hunturu na zuwa daidai da babban girbin doya. Sabuwar doyar damina ruwa ya yi mata yawa, ba ta ba da kauri mai daɗi. Wadda ta ƙosa aka haƙe ta bayan ɗaukewar ruwa, ta ɗan sha iska, ita ce ta wannan aiki. A duba wadda ta yi nauyi a hannu, babu rauni ko laushi a jikinta.

Doya kaɗai ba ta da zaƙin fasnif, don haka sai an haɗa ta da farin dankalin Hausa da ɗan karas. Wanda ya ci karo da rizga, wadda ake nomawa a Filato da kudancin Kaduna, ya saka ta, domin a cikin saiwoyinmu babu wadda ta fi ta kama da waccan a ido.

Kayan yaji su ne za su ɗan taɓa aljihu. Citta musamman. Yawancin cittar ƙasar nan daga kudancin Kaduna take fitowa, yankin Kaciya da Jaba da Kafancan, kuma a daminar 2023 wata cuta ta cinye mafi yawan gonakin, farashi ya yi tashin da masu dafa shayi ba za su manta ba. Amma abin da tukunya ɗaya ke bukata bai wuce girman babban yatsa ba. Sauran kuwa, kimba da masoro da kanunfari da gyaɗar miya, mai kayan ƙamshi a babbar kasuwar Jalingo zai ƙulla maka na 'yan kuɗi kaɗan ya kai ka ƙarshen sanyi.

A kan wuta

Ga abin da nakan tanada don tukunyar da za ta ishi mutum huɗu, ko mutum ɗaya kwana biyu: doya kimanin rabin kilo, dankalin Hausa matsakaita guda biyu, karas biyu, albasa babba ɗaya da rabi, tafarnuwa ƙwaya huɗu, ɗanyar citta, attarugu ɗaya, da romon ƙashi kamar lita ɗaya da rabi. Ƙashin saniya ya fi tsoka arha nesa ba kusa ba, kuma ya fi ta ba da romo. Wanda ba shi da lokacin tafasa ƙashi ya nemi busasshen kifin Binuwai, irin wanda ake kawowa daga Lau da Ibi, ya wanke shi da ruwan zafi ya cire ƙaya.

Farko a narkar da man shanu cokali biyu, a zuba yankakkiyar albasa, a rage wuta. Nan ne mutane ke yin gaggawa, nan ne kuma fate ke samun daɗinsa ko ya rasa. Albasa na bukatar minti goma tana laushi a hankali har ta yi zaƙi, ba ta ƙone ba. Sannan a zuba jajjagen citta da tafarnuwa da attarugu, da dakakken masoro rabin ƙaramin cokali, da gyaɗar miya ɗaya da aka ɗan gasa aka daka, da kanunfari uku. Uku na ce. Kanunfari ba ya san raba gida da kowa; idan ya yi yawa, shi kaɗai za a ji. A juya su cikin man na minti ɗaya ko biyu, domin ƙamshin waɗannan kaya a cikin mai yake narkewa, ba a ruwa ba. Wanda ya barbaɗa su a kan ruwan da ke tafasa ya yi asarar rabin kuɗinsa.

Kimba tana da nata hukuncin. Ƙamshinta a ɓawo yake, 'ya'yan cikinta kuwa ɗaci ne da su. A ɗan fasa guda biyu, a zubar da 'ya'yan, a jefa ɓawon a tukunya, a kuma tsame shi kafin a dama.

Daga nan sai doya da dankali da karas, an fere an yanka ƙanana, a juya su su sha mai, a zuba romo da sanyinsa ko da ɗuminsa, a ƙara dakakkiyar daddawa. Kada a ɗaga wuta. Dankalin Hausa na da wani sinadari da ke mai da sitaci sukari yayin da zafi ke hawa sannu a hankali, kuma tafasa mai ƙarfi tana kashe shi tun bai gama aikinsa ba. Wato abin da sanyin Ingila ke yi wa fasnif a gona, ƙaramar wuta ce ke yi wa dankalinmu a tukunya. Minti ashirin da biyar zuwa talatin sun isa, har cokali ya ratsa doyar ba tare da turjiya ba.

Kuskurena na farko a nan ya faru. Na juye komai a injin markaɗe na bar shi yana ta gudu, ina jiran laushi irin wanda abokina ya kwatanta. Abin da ya fito ba fate ba ne, ba sakwara ba ne, wani abu ne mai danƙo da ke bin cokali kamar ƙaro. Doya idan aka matsa mata da bugu danƙo take yi, shi ya sa ma ake kirɓa ta a turmi. Maganin abin yana rataye a kowane madafin gargajiya: maburgi. A burga a cikin tukunya har rabin doyar ya narke, a bar sauran gutsattsari. Wanda ya nace sai inji, to ya markaɗa karas da dankali kawai, ya farfasa doyar da bayan ludayi.

Gishiri a ƙarshe, bayan an ɗanɗana. Romon ƙashi da daddawa sun riga sun yi rabin aikin, kuma wanda ya kai shekarun da likita ke auna masa hawan jini a duk ziyara ya tuna cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta son babba ya kai giram 5 na gishiri a yini, kusan ƙaramin cokali ɗaya ke nan, har da wanda ke ɓoye a cikin dunƙulen ɗanɗano. Ni ɗaya nake sakawa, wani lokaci ma ba na sakawa.

Madarar da Bature ke zubawa kuwa, kindirmo ya fi ta dacewa da wannan tukunya, kuma a ƙasar Muri ba a wahalar neman sa. Tsaminsa ne ke karya zaƙin dankali. Sai dai ba a tukunya ake zuba shi ba, don zai tsinke. Cokali ɗaya a kan kwano, bayan an zuba.

Ɗumin gaskiya da na yaudara

Akwai masu ganin cewa yawan barkono shi ne maganin sanyi. Ban yarda ba. Barkono yana yaudarar jijiyoyin baki ne su ji kamar an ƙona su, jiki ya mayar da martani da gumi, gumin kuma ya bushe a iskar hunturu ya bar mutum da sanyin da ya fi na da. Ɗumin da ke zama a jiki yana zuwa ne daga zafin abincin kansa da kuma ƙarfin da doya ke bayarwa. Citta da masoro da kimba nasu zafin a hankali yake shiga, ya daɗe a ƙirji, ya buɗe hanci da ƙura ta toshe. Ba su warkar da mura, kada wani ya ɗauka haka, amma mai mura ya san bambancin daren da ya sha da daren da bai sha ba. Mai gyambon ciki kuma ya cire attarugun gaba ɗaya, faten ba zai rasa komai ba.

Saura batun ajiya, wanda a gidan da wutar lantarki ke zuwa ta tafi ba ƙaramin batu ba ne. Sanyin asuba kada ya ruɗi kowa, tsakar ranar Jalingo ko a Janairu tana da zafin da zai lalata abinci. Idan firji ba abin dogaro ba ne, a dafa abin da za a cinye a dare da safe, a kuma tafasa ragowar sosai kafin a kwanta da kuma bayan an tashi, a rufe, kada a sake tsoma cokalin da aka kai baki. Zai yi kauri idan ya kwana, sai a ƙara ruwa. Nakan zuba na safe a fulas in tafi da shi ofis, kuma ba a yi mako ba sai da maƙwabcin teburina, mutumin Katsina da ya yi rantsuwa ba ya shan abin da ba shi da nama, ya fara zuwa da nasa kofin.

Wajen ƙarshen Fabrairu hazo kan janye, duwatsu su sake bayyana, zafi ya dawo da ƙarfinsa. A lokacin doya ta fara tsada, tsohuwar ajiya ce ke fitowa kasuwa, ni ma na wanke maburgi na rataye. Sauran cittar da kanunfarin sai su koma tukunyar zoɓo.