FASHIN BAƘI: Filin jirgin saman Dutse da zoɓon Maigatari, wa aka shimfiɗa wa titin kilomita uku?

A watan Oktoban 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sauka Dutse ya ƙaddamar da filin jirgin saman da gwamnatin Sule Lamido ta gina da kuɗin Jihar Jigawa. Titin saukar jiragensa ya kai kimanin kilomita uku, tsawon da zai karɓi manyan jiragen alhazai. Tun daga ranar ake maimaita alkawari guda: filin zai zama ƙofar fitar da amfanin gonar Jigawa zuwa kasuwannin duniya. Gwamnatoci sun shuɗe, sunan filin ma ya sauya, domin a 2023 an raɗa masa sunan marigayi Sarkin Dutse Nuhu Muhammadu Sanusi, amma alkawarin yana nan yadda aka furta shi.

Idan ana maganar amfanin gonar da Jigawa ke fitarwa waje, to dole ido ya koma arewacin jihar, wato Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, ƙasar riɗi da zoɓo da gero da dabbobi. Daga can ya fi dacewa a auna wannan alkawari.

Abin da ke cin kuɗi ko jirgi bai sauka ba

Filin jirgin sama ba kamar tashar mota ba ne, da za a rufe ƙofa idan babu fasinja. Hukumomi huɗu ne ke da hannu a cikinsa. FAAN ke kula da gine-gine da tsaro da masu kashe gobara. NAMA ke riƙe da hasumiyar da ake yi wa matuƙa jagora. NiMet ke ba da bayanin yanayi, aikin da ke da nauyi sosai a lokacin hazon hunturu. NCAA kuma ita ke sa ido kan bin ƙa'ida. Albashin ma'aikata da man janareta da gyaran fitilun titi da shinge da sare ciyawa duk suna tafiya kullum, jirgi ya sauka ko bai sauka ba.

Kuɗin shiga kuwa daga motsi yake fitowa: kuɗin sauka, kuɗin ajiye jirgi, harajin da ke cikin tikitin fasinja da hayar shaguna. Filin da ba shi da zirga-zirga ba shi da ko ɗaya daga cikinsu. A 2024 shugabar FAAN, Olubunmi Kuku, ta bayyana cewa uku kacal daga cikin filaye 22 da ke hannun hukumar ne ke riƙe kansu, sauran da rarar waɗancan ake ɗaukar nauyinsu. Wannan ne ya sa jihohin da suka gina filaye da hannunsu suka riƙa neman tarayya ta sauke musu kayan, kuma a zamanin Minista Hadi Sirika aka sanya Dutse cikin jerin waɗanda gwamnatin tarayya za ta karɓa, tare da na Kebbi da Bauchi da Gombe.

Lokacin da filin Dutse ke raye da gaske shi ne na jigilar maniyyata, sai kuma kakar siyasa, sa'ad da jiragen shata ke sauke manyan baƙi. Kamfanin Overland ya taɓa jigila tsakanin Abuja da Dutse, sai dai jigilar fasinja a kai a kai ba ta zauna da gindinta ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: Kano na nan kusa. Jirgi ya fara sauka a Kano tun Nuwamban 1925, jigilar fasinja ta kankama a 1936, kuma filin Malam Aminu Kano na da jirage zuwa Abuja da Legas kowace rana. Ɗan kasuwar Gumel da ke son zuwa Legas yana da tafiyar fiye da kilomita 100 a gabansa, ko Dutse ya nufa ko Kano. Zai zaɓi inda yake da tabbacin samun jirgi, kuma can ne abokan cinikinsa suke.

Zoɓo ba ya hawa jirgin sama

A nan ne alkawarin dakon kaya ke cin karo da lissafi. Dakon jirgin sama ya ninka na jirgin ruwa tsada sau da yawa, saboda haka kayan da ke iya biyan kuɗinsa su ne masu saurin lalacewa ko masu tsada ƙwarai, irin furannin da Kenya ke aikawa Turai, ko ɗanyen nama da kayan lambu da magunguna. Zoɓo da riɗi busassun kaya ne. Sukan yi watanni a buhu ba su lalace ba. Hanyarsu ita ce tirela zuwa Kano, a tsaftace, a cika kwantena, a gangara tashar jiragen ruwa ta Legas, daga nan zoɓo ya nufi Meksiko, riɗi ya nufi Japan ko Turkiyya ko Sin. Da Meksiko ta dakatar da karɓar zoɓon Najeriya a shekarun baya, ƙwarin da aka samu a cikin kaya ne sanadi. Rashin wurin feshi da tantancewa ne ya karya farashin a hannun manomi, ba rashin titin jirgi ba.

Dabbobin kasuwar Maigatari da ke ci ranar Alhamis ma da ransu ake loda su a manyan motoci zuwa kudu. Kafin naman su ya cancanci hawa jirgi sai an samu mayanka ta zamani, da ɗakunan sanyi masu wutar da ba ta ɗaukewa, da takardar lafiyar da ƙasar mai saye ta yarda da ita. Titin jirgi shi ne mataki na ƙarshe a wannan jeri, amma shi aka fara ginawa.

Abin da ya fi taɓa aljihun mutanen yankin a 'yan shekarun nan ma iyaka ce. An rufe ta a Agustan 2019, sai a Disamban 2020 aka buɗe Maigatari tare da Illela da Seme da Mfum. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka sake garƙame ta, Najeriya ba ta janye ba sai a Maris na 2024. Yankin ciniki maras shinge da aka kafa a Maigatari zamanin Saminu Turaki da wannan iyakar yake numfashi. Akwai kuma tsohon layin dogo na Kano zuwa Nguru, wanda tun 1930 ya ratsa Gagarawa har wata mazaɓa ta samu suna Gagarawa Tasha. Irin kayan da yankin ke nomawa, masu nauyi marasa gaggawa, kayan jirgin ƙasa ne. Sabon layin Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021 ta Kazaure da Daura ya bi, reshensa kuma Dutse ya nufa.

Wannan ba yana nufin jirgin sama ba shi da aiki a arewacin Jigawa ba. Yana da shi, amma ƙaramin jirgi ne. Idan tsuntsaye jan-baki suka yi dafifi a kan gero da dawa da shinkafa, ko fara ta tsallako daga Sahel, jirgin feshi mai inji ɗaya ake nema. Da almuru yake aikinsa, lokacin da tsuntsayen suka koma makwancinsu a cikin kacalar fadamun Haɗeja. Da awa ake biyan hayarsa, don haka kowane minti da ya ɓata tsakanin inda ya tashi da inda zai yi feshi asara ce, ga shi kuma hasken yamma ba ya jira. Irin wannan jirgi, da na ɗaukar majinyaci cikin gaggawa, ba ya buƙatar kilomita uku na kwalta. Gajeren titi mai ƙwari, da shingen da zai hana dabbobi ratsawa, da wurin ajiye mai sun wadatar da shi. Sai dai ba irin aikin da ake gayyato shugaban ƙasa ya yanke ƙyalle a kansa ba ne, shi ya sa da wuya ya shiga jawabin yaƙin neman zaɓe.

Filin Dutse dai an riga an gina shi, kuma maniyyacin Sule Tankarkar da ke tashi daga jiharsa ba zai ce ba shi da amfani ba. Batun da ya rage shi ne kuɗin da za a ƙara zubawa da sunan dakon kaya. Kafin majalisar dokokin jihar ta amince da wani sabon kasafi a kan haka, 'yan majalisar da ke wakiltar Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar suna da hurumin neman alƙaluma: jirage nawa suka sauka a filin bara, nawa ne na alhazai da na jami'an gwamnati a cikinsu, tan nawa na kaya aka taɓa ɗagawa, kuma wane mai saye ne ya sa hannu cewa zai karɓa. FAAN da NAMA na rubuta kowace sauka da tashi. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta musu takarda ya nemi waɗannan alƙaluma, kuma ta ba hukumar da aka tambaya kwana bakwai ta ba da amsa.