Karatun zanen gine-gine: Abubuwan da ya kamata ka sani kafin ka cike fom

Duk shekara idan lokacin cike fom ɗin JAMB ya zo, akan samu yara a unguwannin Barnawa, Kakuri da Sabon Tasha na Kaduna da ke cewa zanen gine-gine za su karanta, saboda Allah ya ba su hannun zane. Baiwa ce babba. Sai dai hannu kaɗai ba ya kai mutum ga zama akitek, kuma yawancin abin da ke kai shi ba a kan allon zane ake samunsa ba.

Ina ake karanta shi?

Wanda ke zaune kudu da kogin Kaduna ba sai ya tsallaka gada ba. Kwalejin Nazarin Muhalli ta Kaduna Poli tana nan Barnawa, inda ake koyar da zanen gine-gine tare da safiyo, tsara birane da ƙiyasin kuɗin gini. Shekara biyu ake yi a karɓi ND, a fita koyon aiki, a dawo a ƙara biyu don HND.

Mai son digiri kuwa, akwai Jami'ar Jihar Kaduna, wadda sashenta na zanen gine-gine ke Kafanchan, da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Sashen Zariya shi ne mafi daɗewa a Najeriya, ya ma girmi jami'ar da aka kafa a 1962.

Hanyar tana da tsawo

Digirin farko shekara huɗu ne, na biyu shekara biyu. Daga nan sai bautar ƙasa, sai aiki a ƙarƙashin gogaggen akitek, sai jarrabawar ƙwarewa. Hukumar ARCON, wadda dokar 1969 ta kafa, ita ke yin rajista, kuma sai da rajistarta doka ke ɗaukar mutum a matsayin akitek. Iyaye su san wannan tun farko, don kada su fara ƙorafi yaro na tsakiyar hanya.

Darussan da ɗalibai ke rainawa

A nan maganar take. A Amurka akwai kwalejojin da ɗalibi zai shafe shekara huɗu yana haɗa zanen gini da tarihi, adabi, falsafa da nazarin zamantakewa, sannan ya tafi digiri na biyu na kimanin shekara uku don ya ƙware. Mu a nan tun aji ɗaya ake shiga fagen kai tsaye. Ɗan abin da ya rage na wancan faɗin ilimi shi ne darussan ilimin gama-gari (GST) da tarihin gine-gine, kuma su ne ɗalibai ke haddacewa daren jarrabawa su manta washegari. Hankali duk yana situdiyo, inda ake kwana ana yankan kwali, ana jiran ranar da za a manna zane a bango malamai su yi masa filla-filla.

A ganina asara ce babba, kuma unguwanninmu shaida ne. Kakuri ta cika ne saboda masana'antu, tun daga masaƙar KTL da ta fara aiki a 1957, sai kamfanin Peugeot a 1975. Ma'aikata suka kwararo daga ko'ina, aka yi ta jera ɗakunan haya suna kallon juna. Shiga ɗaya daga cikinsu da azahar a watan Afrilu. Kwano a sama babu silin, taga ɗaya tal tana kallon yamma, bangon bulo ya sha rana har ba ya jinginuwa. Mai jego ta fito da jaririnta tsakar gida, su kuma yara sai dare ya raba suke iya shiga. Lissafin ginin bai kuskure ba, tunda ga shi tsaye. Abin da aka rasa shi ne wanda ya tsaya ya tambayi yadda za a rayu a ciki.

Bayan rikicin 2000 da na 2002, jama'a sun sake matsuguni bisa addini, kogi ya zama kamar iyaka. Wanda za a ba zanen kasuwa ko makaranta a wannan gari, in bai san wannan tarihi ba, ina zai san inda zai sa ƙofa har kowa ya shiga da kwanciyar hankali? Haka ambaliyar 2003: duk mai zana gida kusa da bakin kogi ya kamata ya san inda ruwa ya taɓa kaiwa.

Gadon da muke da shi

Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, zamanin Sarki Abdulkarimu, da ƙasa da azara. A Nijar, masallacin Yama da Falke Barmu ya gina ya ci kyautar Aga Khan a 1986. Waɗannan magina sun san rana, sun san iska, sun san kuma abin da ya sa baƙo ke tsayawa a zaure ba ya zarcewa cikin gida. Ba cewa nake a koma tubali ko ta halin ƙaƙa ba. Amma abin takaici ne ɗalibi ya gama digiri bai taɓa tsayawa ƙarƙashin ɗaurin guga ya ɗaga kai ya ga yadda aka ɗaure shi ba, alhali tsakanin Kaduna da Zariya tafiyar kusan awa ɗaya ce.

Me za ka yi tun yanzu?

Riƙe lissafi da fiziks da kyau, don ba a shiga sai da su. Koyi kwamfuta. Bayan haka, karanta tarihin garinku, ka koyi rubutu mai ma'ana da magana a gaban mutane, domin zanen da ba ka iya kare shi ba, wani zai sauya maka shi. Idan hutu ya zo, je inda ake gini a Narayi ko Unguwar Romi, ka zauna da birkila da kafinta, ka tambaye su inda zanen akitek ke ba su wahala. In ka samu gurbin karatu, kada ka bar ajin tarihi don ka ƙarasa zane, ka halarci duka biyun.