MOTAR GUDU KO MOTAR HIDIMA?

Wannan jawabi ne ga mutanen Sharabi da sauran garuruwan ƙasar Bagudo, musamman wanda ya tara kuɗi yana nufin sayen mota guda ɗaya, wadda za ta yi gudu in ya hau kwalta, ta kuma kai shi kasuwar Tsamiya ko Ka'oje ba tare da ta kwana wurin bakanike ba. Shin akwai irin wannan mota? Akwai, amma sai an san abin da ake nema.

Ku tuna da Peugeot 504. Ita ce ta ci tseren Safari na ƙasar Kenya a 1975, tsere ne na dubban kilomita cikin ƙura da taɓo. A shekarar nan kuma aka buɗe masana'antar Peugeot a Kaduna, inda aka yi ta haɗa 504 shekara da shekaru, tana ɗaukar fasinja da buhuna. Injinta bai kai na wasu ƙarfi ba. Abin da ya ba ta nasara shi ne tsawon ƙafa, da ƙwarin jiki, da sauƙin gyara. To, wannan shi ne ma'auni.

Na farko, a duba tazarar da ke tsakanin cikin mota da ƙasa. Motocin gudu na Turai a kwance suke, tayoyinsu marasa kauri, don an ƙera su ne domin titi mai santsi. A hanyar burji, ko da damina in kogin Kwara ya yi ambaliya ya ɓata hanya, rami ɗaya ya isa ya fasa taya ko ya huda tukunyar baƙin mai.

Na biyu, a auna ƙarfin inji da cin mai. Misali, Toyota Camry ta 2007 iri biyu ce: mai silinda huɗu tana da ƙarfin doki wajen 158, mai silinda shida kuwa wajen 268. Ta biyun ta fi saurin wuce babbar mota a kan hanya, amma ta fi shan mai, ga shi tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu 2023 kowace lita sai an yi mata lissafi. Inji mai turbo kuwa yana bukatar baƙin mai mai kyau da fetur marar gauraye. Man jarka na bakin hanya yana iya kashe shi.

Na uku, kafin a yi ciniki a tambayi bakanike: ka san wannan inji? Ana samun kayansa a Jega ko Birnin Kebbi, ko sai an aika Legas? Motar da ta yi mako uku tana jiran ƙarfe ɗaya ta cinye ribar kasuwa uku.

Na huɗu, takarda. Motoci da yawa na wannan yanki ta Kwatano suka biyo, gwamnatin Nijeriya kuwa ta hana shigo da mota ta iyakar tudu a farkon 2017. Saboda haka kada a biya ko sisi sai an kai takardar fito ofishin kwastan an tabbatar lambar jikin mota ta yi daidai da ta takarda. Wanda ya yi sakaci, rana ɗaya za a raba shi da jarinsa a shingen hanya.

Daga ƙarshe, gudu ba ya amfani sai da birki mai kamawa da taya mai kyau, domin hanyoyinmu ba su rabuwa da shanu da babura da yara. Sayen nagari mai da kuɗi gida. Allah ya kiyaye hanya. Wassalam.