Layin Dogo, Tekun Mutanen Sabon Gari

Daga Zariya zuwa bakin teku a Ikko tafiya ce ta kusan kilomita dubu. Babban ruwan da yaron Sabon Gari ya sani shi ne Kubanni, rafin da ya raba unguwarsu da Tudun Wada, sai Galma idan ya yi nisan kiwo. Amma dattawan da suka yi ƙuruciya a nan cikin shekarun 1950 da 1960, idan suka fara hirar da, sai ka rantse 'ya'yan tashar jiragen ruwa ta Apapa ne. Zancensu duk na jirgi ne: wanda ya iso, wanda ya makara, abin da ya sauke, da baƙin da ya zubar a tasha.

Jirgin ƙasa ya iso Zariya a 1911, lokacin da Turawa ke shimfiɗa layi daga Baro, a bakin kogin Kwara, zuwa Kano. Bayan shekara guda aka haɗa shi da layin Ikko a Minna. Aikin bai zo da daɗi ba. Ta hannun hakimai da dagatai aka riƙa tattaro talakawa daga ƙauyuka, a ɗanƙa wa mutum diga da kwando, ya bar gonarsa. Har yau "aikin diga" na nufin aikin wahala a bakin tsofaffi, kuma Sarkin Zazzau na lokacin, Aliyu Ɗan Sidi, wanda shahararren mawaƙi ne, ya tsara Waƙar Diga a kan wannan lamari.

Tashar ba a cikin ganuwa aka gina ta ba. An kai ta arewa da birni, hayin Kubanni, aka yanka fili kusa da ita don ma'aikatan reluwe, akawuna da 'yan kasuwar da suka biyo layi daga kudu. Wannan fili shi ne Sabon Gari. Yarabawa, Ibo, Nufawa da mutanen Saliyo da Gwalkwas suka zauna, Hausawa 'yan ci-rani su ma suka cika gefe. Kamfanonin Turawa irin su John Holt da Paterson Zochonis suka kafa kantuna da sito-sito. Na biyun ne ya bar wa garin sunan da kowane ɗan acaɓa da mai Keke Napep ke kira yau: PZ. Da wuya ka sami fasinja ɗaya cikin goma da ya san sunayen wasu fatake biyu ne, ɗaya ɗan Sikotlan ɗaya ɗan Girka.

Abin da ya sa Zariya ta zarce sauran tashoshi shi ne mararraba ce. Daga nan aka ja ƙaramin layi zuwa ƙasar Jos, ya kai Bukuru a 1914, don kwaso kuza. Faɗinsa ƙafa biyu da rabi ne, babban layi kuwa ƙafa uku da rabi, saboda haka taragon wannan ba ya hawa kan wancan. Duk buhun kuzar da ƙaramin jirgin ya sauko da shi daga tsaunukan Filato sai 'yan dako sun sauke shi a Zariya sun sake loda shi a babban jirgi, kamar yadda ake juye kaya daga kwale-kwale zuwa jirgin ruwa. An rufe ƙaramin layin a 1957. Wani reshen kuma ya nufi arewa maso yamma, ta Funtuwa da Gusau, ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929, yana jawo auduga da gyaɗa.

Audugar ce ta ɗaure Samaru, da ke wajen Zariya, da Sabon Gari. Masaƙun Ingila na neman auduga mai dogon zare, ƙungiyarsu ta BCGA ta kafa injin gurza a Zariya, a 1922 kuma aka buɗe gonar gwaji a Samaru, wadda ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello bayan kafa jami'ar a 1962. A Samaru ake tace iri, a raba wa manoma angurya, da kaka a auna a sikelin kasuwar auduga, a gurje, a matse ta dila-dila a ɗaure da ƙarfe, jirgi ya kwashe zuwa Apapa, daga can sai Libaful. Wani ɓangarenta ya dawo a matsayin atamfa da akoko, a sayar wa manomin da ya noma ta a kantin da ke kallon tasha, da tsadar da bai isa ya yi ciniki ba.

Yara ba ruwansu da wannan lissafi. Abin da suka riƙe shi ne wasa. Akan kifa kunne a kan ƙarfen dogo a ji jirgi tun bai bayyana ba. Akan ɗora ƙusa a kan layi, a ruga a ɓuya bayan ciyawa, jirgi ya wuce, a dawo a tsince ta ta baje, da zafinta, a wasa ta a dutse ta zama wuƙar fere rake. Wanda ma'aikacin reluwe ya kama, kunnensa ya gaya masa. Wanda labarin ya kai gida, bulalar ta ninku. Akwai masu bin gefen layi da gwangwani suna tsintar garwashin kwal da kan jirgi ya zubar, su kai wa iyaye mata. 'Yan mata masu talla kuwa, da jin kukan jirgin fasinja sai su ɗau faranti a ka, dafaffiyar gyaɗa, ƙosai, dafaffen ƙwai, su bi tagogi da gudu. Ciniki na minti kaɗan ne. Sau da yawa jirgi ya motsa canji bai koma hannun mai shi ba, wani lokaci kuma kwabon ne bai sauko ba, yarinya ta koma gida da kuka.

A wannan tasha yaro ke fara ganin kwakwa da ɓawonta, da busasshen kifin Turai, da goro a cikin huhu. A nan yake tsintar gaisuwar Yarabanci da Turancin buroka tun kafin ya shiga aji ɗaya. A nan kuma, a 1966, yara da yawa suka tsaya suna kallon abokan wasansu Ibo ana cusa su a tarago da ƙullin kaya, bayan kashe-kashen da suka auku a garuruwan Arewa. Wasu sun dawo bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1970, wasu ko labarinsu ba a sake ji ba.

Daga nan ruwan ya fara janyewa. Kwalta ta yawaita, tirela ta ƙwace kayan jirgi, gwamnati ta rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986, masaƙun Kaduna suka bi juna suna rufewa. Hayaniyar ta koma Kwangila, inda motocin Kano, Kaduna da Sakkwato ke haɗuwa. A 2021 an ƙaddamar da aikin sabon layi mai faɗi daga Kaduna zuwa Kano, wanda zai ratsa ƙasar Zazzau.

A Samaru tsohon layin Funtuwa yana nan kwance a bayan gari, unguwar da ke ƙetarensa kuma sunanta Hayin Dogo. Ɗalibai masu neman ɗakin haya mai sauƙi suna tsallake shi safe da yamma, awaki na kiwo a tsakanin ƙarafan, yara kuma na tafiya a kansu da hannuwa a buɗe, suna gasar wanda zai fi daɗewa bai faɗo ba.